Auren Ƙashi

Shekara talatin da ɗaya ina yi wa mangwaro aure
a lambun bakin Binuwai, gangaren gadar Garwa.
In yanko reshen mai zaƙi, in fere shi kamar alƙalami,
in tsaga jikin mai tsami, in cusa,
in naɗe da leda, in yi bisimilla, in wuce.
Ban taɓa tambayar itace ko da zafi ba.

Sai ga ni rub da ciki a kan tebur.

Ba faɗowa na yi ba, kada a ƙara wa labarin gishiri.
Buhun albasa ne, da bokitin ban-ruwa, da shekaru.
Gaɓa biyu a ƙasan bayana suka daina jituwa,
ɗaya ta zame ta danne jijiya,
ƙafar hagu ta koma kamar ta aro.
Na je Pitowa wurin Bappa Yerima maɗori,
ya lalluba, ya lalluba,
ya ce wannan ya fi ƙarfin kara da tsumma.
Ko dala bai karɓa ba.

Dakta Jaratu, sa'ar 'yata ta biyu,
ta ɗaga hoton ƙashina ga hasken taga.
Ta ce za ta ɗebo ƙashi daga ƙuguna,
ta cuɗa da wani farin tsaki na cikin kwalba,
ta shimfiɗa tsakanin gaɓoɓin nan har su zama ɗaya.

Na ce, tsakin na wane ne?
Don ba na son in tashi kiyama da kayan mutane.
Ta ce ba na mamaci ba ne, ba na dabba ba,
ƙera shi aka yi, da ƙofofi kamar shurin gara.
Jininka zai bi ta ciki, ƙashinka ya biyo shi yana gini,
shi kuwa ya narke sannu a hankali, ya ba da wuri.
Kusa huɗu da sanda biyu za su riƙe kafin nan.

Na ce, 'yata, ai wannan aure ne.
Kusoshin su ne leda.
Ta cire tabarau ta dube ni sosai.

Injin ban-ruwa ya tafi, da raguna biyu.
Dudu ta ƙirga kuɗin sau uku a kan zaninta,
ba ta ce komai ba.

Da na farka, bayan bai dame ni ba kamar ƙugun.
Wurin da aka ɗiba, shi ke kuka da dare.
Ashe uwar itacen da nake yankar wa reshe
ba don ado take zubar da ƙaro ba.

Aka hana ni taba, wai tana kashe toho.
Aka ɗaure ni da ɗamara kamar damin dawa.
Ni da nake yi wa masu saye faɗa
in sun kwance leda kafin lokaci don su leƙa,
ni ne ke tambaya kowace Talata: ya kama?
Ta ce, Baba, koma gida.

A wata na bakwai ta sa bakin biro a kan hoton.
Wani farin gajimare ne, bai kai ɗan yatsa ba,
ya haɗa sama da ƙasa.
Na nemi tsakin kwalba a ciki, na nemi nawa,
na kasa rabewa.

Yanzu ruku'una gajere ne, Allah ya san dalili.
Sanda ke sunkuyawa, ni ina tsaye da sandata a inuwa.
Jiya ya ɗauko wuƙa zai tsaga wani ɗan itace.
Na ce dakata.
Koma ka wasa ta.
Yanka ɗaya za ka yi masa, kada ka maimaita.